Rasuwar Farfesa Araba Bentsil da Batun Teburinta

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Ɗalibai da Tsofaffin Ɗaliban Ɗakin Binciken Haske da Sinadarai na Jami'ar Kimiyya ta Otuam ta samu labarin rasuwar uwarmu, malamarmu, kuma shugabar ɗakinmu, Farfesa Araba Nyarkoa Bentsil, Farfesar ilimin sinadarai, tsohuwar Shugabar Sashe, dattijuwa a majalisar matan cocinsu, wadda Allah Ya karɓi ranta a asibiti bayan gajeriyar jinya tana da shekara hamsin da takwas a duniya. Muna miƙa ta'aziyyarmu ga kawunta kuma shugaban danginta na wajen uwa, Egya Kow Atta, da maigidanta, Mista Josiah Bentsil, da 'ya'yanta, da jikokinta, da dukkan waɗanda wannan rashi ya shafa a ciki da wajen ƙasar Ghana.

An ɗora wa mai sa hannu a ƙasa alhakin rubuta wannan saƙo alhali bai daɗe da karɓar digirinsa ba, kuma ya san akwai waɗanda suka fi shi cancanta. Saboda haka ya bi kowace magana da ke ciki ya tabbatar da ita gwargwadon iyawarsa, inda kuwa bai gani da idonsa ba, zai faɗi haka.

Aikin marigayiya ya kasu gida biyu, ko da yake ita ba ta taɓa yarda cewa biyu ne ba. A gefe guda tana haɗa jan ƙarfe da wasu sinadarai da ke kama shi ta kowane ɓangare kamar yatsu sun riƙe ƙwallo, har a samu wani gari da ke fitar da koren haske idan an haska shi. A ɗaya gefen tana shafa wannan garin a kan siraran faifan semikondakta, dangin abin da ake ƙera fitilar waya da idon kyamara da shi, domin faifan ya riƙa karanta ƙarfin hasken. Abin da take nema shi ne wata 'yar na'ura mai arha da za a ɗiga wa ruwan kogi, idan akwai zaiba a cikinsa, irin wadda masu haƙar zinariya ke zubarwa, sai hasken ya dushe, uwa ta san ruwan da ba za ta ba ɗanta ba.

A nan ya zama dole mu gyara sanarwar da Hukumar Jami'a ta fitar, wadda ta ce marigayiya ta ƙirƙiro na'urar da ke tsarkake kogunan ƙasar nan. Na'urar ba ta tsarkake komai, nuni kawai take yi. Ba a kuma gama ta ba: ta yi aiki da ruwan ɗakin gwaji wanda muka zuba wa zaiba da hannunmu, amma ruwan kogi mai laka har yanzu yana ruɗa ta. Da ɗalibi ne ya kawo wa marigayiya wannan jimlar, da ta mayar masa da takardarsa tana cewa, kamar yadda ta sha faɗa mana, "Ɗana, abin da ba ka auna ba, kada ka buɗe masa baki. Je ka ci dokununka ka dawo." Waɗanda suka rubuta sanarwar suna da ofisoshi a saman ɗakin da take aiki, tsani ɗaya ne ya raba su da ita, amma a cikinsu ba a samu wanda ya sauko ya tambayi abin da ake yi a ƙarƙashin kujerarsa ba.

Duk wanda ya yi karatu a hannunta ya san teburin. Babban tebur ne na ƙarfe da ke tsaye a kan ƙafafu masu iska a ciki don kada girgizar daɓen ɗaki ta kai gare shi, a bisansa an jera ƙananan madubai da gilasai waɗanda ke miƙa wa juna hasken leza har ya sauka a kan faifan da ake gwadawa, a wurin da bai kai kaurin gashi ba. Kowane madubi da 'yan notinsa, kuma marigayiya da yatsunta ta saita su, madubi bayan madubi. Na ƙarshen, waɗanda ke shigar da hasken cikin faifan, sai da suka cinye mata damina guda. Ba a shiga ɗakin da takalmi. Ranar da mai sa hannu ya fara shiga, kallonsa ta yi ta ce, "Kai ɗan gidan wa ne? Ƙafa ce wannan ko taɓarya? Yi tafiya kamar za ka saci nama a tukunyar uwarka."

Sanarwar Hukumar Jami'a ta kuma ce Jami'a ta tsaya wa marigayiya a kowane hali. Abin da ya tsaya mata, gwargwadon saninmu, shi ne janaretan da ke ba ofisoshin manya sanyi, wanda aka girke a jikin bangon ɗakinta. Duk lokacin da ya tashi, bango ya kama rawa, hasken da ke kan tebur ya kama rawa tare da shi, awo ya lalace. Ta yi shekaru tana roƙon a matsar da shi, ana ce mata ba zai yiwu ba, wai an riga an zuba masa siminti, wai wayarsa ba za ta kai ba. A wani taro, Mataimakin Shugaban Jami'a, Farfesa Cornelius Hagan-Brew, ya amsa mata da cewa, "Araba, duniya duk da janareta ake bincike. Ke kaɗai ce haskenki ke da farfaɗiya?" Mai sa hannu ba ya wurin, amma malamai biyu da suka halarta sun faɗa masa, kowanne shi kaɗai, kuma kalmominsu sun zo ɗaya. Wannan ne ya sa duk awon da ya fito daga wannan ɗaki ranar Lahadi aka yi shi, bayan an tashi daga coci, lokacin da ofisoshi ke rufe. Marigayiya kan zo da kayan cocinta a jiki, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta rarraba mana dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi a waje, sannan a shiga.

Ɗalibarta ta ƙarshe, Kukua Tandoh, tana kan awon da zai kammala kundin digirinta na uku, kuma wa'adin rajistarta zai ƙare da ƙarshen wannan zangon. Ta nemi ƙarin lokaci bayan rasuwar malamarta, ba a ba ta ba. Awon da ya rage mata sai an kwatanta shi da wanda ta riga ta yi a kan saitin nan ɗaya. Idan aka matsar da teburin, saitin ya tafi, wanda ta yi a baya ya zama ba shi da abokin gwami, kuma babu wanda ya rage a cikinmu da zai iya mayar da madubai na ƙarshe kafin zango ya ƙare. Digirinta da aikin ƙarshe na hannun marigayiya suna kan wannan tebur.

Bayan rasuwar, Farfesa Hagan-Brew, wanda aka naɗa Shugaban Kwamitin Jana'iza na Jami'a, ya sauko ɗakin a karo na farko da muka sani, tare da tawagarsa da masu ɗaukar hoto da wani ƙaton kambin furanni, dukkansu da takalmansu. Mai sa hannu yana wurin. Kukua ta tare gabansa cikin ladabi ta ce, "Farfesa, don Allah, kada a ɗora komai a kai." Ya ce, "Yarinya, furanni ne fa, ba buhun siminti ba. Kauce, kina tare haske." Ya ɗora kambin a tsakiyar madubai, ya dafa teburin da tafin hannunsa, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, har mai hoto ya ce a sake domin fuskarsa ba ta fito ba, ya sake. Da suka fita, ɗigon hasken da ke sauka a kan faifai ya ɓace. Adalci ne mu ce Allah Ya taƙaita, madubin da hannun rigarsa ya ture yana cikin na farko-farko, waɗanda Kukua ta iya saitawa. Ta mayar da shi bayan wahala, ta gwada da tsohon faifan da aka san amsarsa, amsar ta fito daidai. Hoton ya fito a shafin farko na mujallar Jami'a, kuma ya yi kyau.

Sai kwamitin ya sanar da cewa, don girmamawa, za a kawo akwatin marigayiya a shimfiɗe ta a cikin ɗakin bincikenta domin jama'a su wuce su yi bankwana, 'yan badujala suna busa a tsakar gida. Teburin kuwa za a fitar da shi baranda, a rufe shi da farin yadi a jera littattafan ta'aziyya a kai. Mun je mun yi bayani, aka ce mana an riga an buga katin gayyata.

Ba mu da wani muƙami a Jami'a, amma kowa a yankin nan ya san a al'adarmu gawa ba ta ma'aikata ba ce, ba ma ta miji ba ce, ta dangin uwa ce. Muka ɗauki kwalbar giyar gaisuwa da al'ada ta tanada muka je gidan Egya Kow Atta da ke bakin teku. Mai sa hannu ne ya yi magana, ya kuma tsawaita bayani a kan madubai fiye da kima, har dattijon ya ɗaga hannu ya ce, "Jikana, ya isa, kaina ya fara juyawa. Ni ban san madubi ba. Teburin nan ne wanda ta hana ni ajiye hulata a kai?" Muka ce shi ne. Ya ce, "To, ai ko ni da na goya ta ban isa ba."

Ranar da kwamitin ya je gidan dangi neman amincewa da tsarinsa, an ba wakilanmu kujera a baya, muka ji da kunnenmu. Farfesa Hagan-Brew ya yi dogon jawabi a kan yadda Jami'a ta yi rashin 'yarta. Egya Kow Atta ya bari ya gama, sannan ya ce, "Farfesa, sannu da ƙoƙari. Gawar nan taka ce ko tawa?" Aka ce tasa ce. Ya ce, "Madalla. Araba duk Kirsimeti sai ta cika min kunne da zancen wani inji. Tana da rai ba ku matsar mata da inji ba, yanzu ta mutu za ku matsar mata da tebur?" Ya ci gaba da cewa a gidan uwarta za a shimfiɗe ta, 'yan badujala su busa a bakin teku inda babu abin da zai karye, kuma Jami'a ba za ta karanta yabonta a gaban akwatin ba matuƙar injin nan yana jikin bangon. Mataimakin Shugaban Jami'a ya fara bayanin siminti, dattijon ya ce, "To ka zauna da jama'a ka ci abinci, ba wanda zai hana ka. Makirfo ne dai babu."

Ƙungiya na sanar da jama'a cewa washegari da safe ma'aikata suka zo da mota mai ƙugiya, kafin azahar janaretan ya koma bayan filin ajiye motoci. Simintin ya fasu ba tare da gardama ba. Wayar ta kai. Mun je mun duba da kanmu. Ba mu gode wa kowa a kan wannan ba, ba kuma za mu gode ba, domin abin da roƙon marigayiya na shekaru bai samu ba, tsoron rasa makirfo a gaban taro ya samo shi a rabin yini. Jami'a za ta karanta yabonta ranar jana'iza, muna fatan za a gyara jimlar koguna kafin nan.

Teburin yana nan inda ta bar shi. Kukua Tandoh tana awo a yanzu daga Litinin zuwa Asabar, ta ce a faɗa wa dangi, idan Allah Ya yarda, za ta gama kafin wa'adi, kuma sunan malamarta ne zai zo a kan aikin. Ta kuma ce ranar Litinin ɗin farko ta daɗe a tsaye ba ta taɓa komai ba, tana sauraron ɗakin, domin Farfesa Bentsil ba ta taɓa jin ɗakinta shiru a ranar aiki ba.

Muna roƙon duk mai son yi wa marigayiya ta'aziyya ya nufi gidan dangi, inda za a sanar da ranar jana'iza kamar yadda aka saba. Wanda hanya ta biyo da shi ta ƙofar ɗakin bincike, ya rage sauri, ya sassauta taku, kada ya ƙwanƙwasa, kada kuma ya kawo furanni.

Allah Ya ji ƙan Farfesa Araba Nyarkoa Bentsil, Ya yafe mata kurakuranta, Ya sa ta huta. Allah Ya ba Egya Kow Atta, da Mista Josiah Bentsil, da 'ya'ya da jikoki da dukkan dangi ƙarfin zuciya da juriyar wannan babban rashi, Ya kuma daidaita hannun ɗalibar da ta bari a kan aiki. Amin.

Sa hannu:
Ebo Arhinful
Sakataren Riƙo,
Ƙungiyar Ɗalibai da Tsofaffin Ɗaliban Ɗakin Binciken Haske da Sinadarai,
Jami'ar Kimiyya ta Otuam