Tabarau a Ƙullin Zani

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa mai waina ta Asata, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, gwiwoyina biyu a ƙasa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Hajararki ce. Jikokinki sun matsa in rubuta wannan inda jama'a za su gani. To, mai karantawa ya karanta, amma ni da ke nake.

Inna, kin tuna yadda sunana ya ɓaci a Asata, unguwarmu ta Hausawa a Inugu? Yarinyar da ba ta gaisuwa. Dattijo zai taho daga masallaci, yara duk su durƙusa, ni kuwa in wuce fuu kamar ban san shi ba. Wallahi ban gane shi ba ne! Wani farin abu kawai nake gani yana motsi. Sau nawa aka kawo miki ƙarata kina tsakiyar juya waina? Sai ki murɗe min kunne ki ce, "A gidan wa kika koyo wannan girman kan?" A makaranta kuma daƙiƙiya ce ni, don allo a wurina baƙin bango ne kurum.

Sai ranar nan motar gwamnati ta shigo makarantarmu da wata nas, 'yar ƙabilar Ibo, doguwa mai farar hula. Aka jera mu, kowa ya rufe ido ɗaya ya karanta haruffan da ta rataye a jikin mangwaro. Da aka zo kaina, ko babban harafin sama ban gani ba. Na maƙale wuya ina jiran bulala. Ita kuwa dafa kaina kawai ta yi. Ba a jima ba ta dawo min da tabarau, kuma ba wanda ya nemi komai a hannunki.

Inna, ashe ganyen bishiya ɗai-ɗai yake! Ni a zatona dunƙulen kore ne Allah ya ɗora a kan itace. Na taho gida ina tuntuɓe saboda kallo. Tun daga bakin layi na hango ki a gaban tanda, na tsaya cak, ina kallon tsagar kumatunki daga nesa har kika tsargu. Ranar na gaishe da mutanen Asata kakaf, saura kaɗan in durƙusa wa akuya.

Ke kuwa ba ki yarda da abin ba. Kika ce gilashi na tsofaffin malamai ne, zai cinye min ido, gara a sa min kwalli. Sai da kika ga na tsince miki shinkafar waina tas, ba tsakuwa ko ɗaya, sannan kika yarda.

Daga nan ƙasa ta rikice. Labarin kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo da ake yi a Arewa ya iso, aka ce Hausawa su tattara su tafi tashar jirgin ƙasa. Kika bar tandarki da tukwanenki, sana'arki gaba ɗaya. A cikin turmutsutsun tasha kika zare tabarau daga fuskata, kika naɗe shi da ɗankwali, kika cusa a ƙullin zaninki, inda mace ke ɓoye abin da ba ta so ya ɓata. Na yi ta kuka a ba ni. Kika ce, "In ya fashe, wa zai ba ki wani?"

Haka na yi tafiyar nan a makance. A wata tasha jirginmu ya tsaya kusa da wani mai gangarawa Kudu, cike da mutanen Ibo da suka gudo. Na ji matan taragonmu suna salati, na ji ƙirjinki yana rawa a jikin kaina. Na tambaye ki me aka gani, kika ce, "Gara da ba ki gani ba."

A Kano kika kwance ƙullin, tabarau lafiya lau. Makarantar da na shiga ba nas mai zuwa, ga yaƙi ya cinye hankalin kowa. Akwai wata Ladi da muke zama benci ɗaya, tana kanne ido irin yadda nake yi a da. Nakan ara mata nawa ta kwafi darasi, ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Amma aron ido ba ya kai mutum ƙarshen shekara, sai ta daina zuwa. Ni na wuce har na zama nas ta sashen ido. Har yau abin yana ɗaure min kai, Inna. Wasu mutane da ban taɓa gani ba sun zauna a wani ɗaki sun ce a duba idon yaran makaranta, har da 'yar mai waina baƙuwa a garinsu. Abin da ya raba ni da Ladi ke nan.

Kin tuna da tsufa ya zo miki, yanar ido ta rufe miki gani, kika daina gane masu gaishe ki? Ni na ja hannunki zuwa asibitinmu. Bayan an yi aiki, ni na kwance miki bandejin da hannuna. Kika ƙura min ido, kika daɗe, sannan kika ce, "Kai, Hajara, kin tsufa!" Na yi dariya har hawaye suka ɓata min gilashi. Ina kewarki, Inna, ƙwarai da gaske.

Allah ya haskaka kabarinki, ya gafarta miki. Nas ɗin nan, ban san sunanta ba, ban san ko ta tsira daga yaƙin ba, Allah ya saka mata da alheri. Allah ya sa duk yaron da ke kanne ido a bayan aji ya samu mai dafa kansa. Amin.

Wassalam. 'Yarki mai gaisuwa tun daga nesa,
Hajara