Ni Na Gano Ciwon Agogon, Sunan Zaharaddini Aka Rubuta

Malama, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zan yi da-na-sani.

A wani ƙauye nake kusa da Tsanyawa. Firamare kawai na gama, sauran duk a waya na koya wa kaina. Famfon sola na garinmu yana da 'yar kwamfuta mai kunna shi da kashe shi. Sai ta riƙa sandarewa, mata su koma rijiya. Ni na lura duk kasuwa ta bakwai, wato bayan mako bakwai, take mutuwa. Wata huɗu ina tono a cikin kanel, wato zuciyar manhajarta, har na gano ciwon: direban agogonta, ɓangaren manhajar da ke kula da agogo, yana ƙirga lokaci ne a ma'aunin da ke cika bayan kwana arba'in da tara, ya koma sifili, komai ya tsaya cak. Layi uku na gyara a rubutun manhajar.

To, masu kula da manhajar da Turanci ake tura musu gyara, ni kuwa Turancina na karantawa ne, ba na rubutawa ba. Na ba abokina Zaharaddini mai digiri ya tura. Suka karɓa. A al'adarsu sunan da aka sa a kan gyara yana nan har abada. Nasa ya sa! Yanzu shi ake nunawa a ƙofar masallaci, wai Injiniya. Mutumin da ko sukundireba bai iya riƙewa ba! Na haɗa saƙon tona masa asiri wurin masu manhajar da guntun Turancina, saura in danna. In tura?

Mai Ƙunar Zuci, Tsanyawa

Ɗana, kada ka danna tukuna.

Aikin naka ne, kuma Zaharaddini bai kyauta ba da yake amsa yabon ya yi shiru. Amma na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga inda ka ce masa ya sa sunanka ba, ban ga inda ka tunkare shi ba. Wataƙila shi ma ya sha tambayoyin masu manhajar da Turancin da ka guje wa.

Ka same shi ku biyu kawai. Ka nemi ya rubuta musu da hannunsa cewa kai ka gano, kai ka gyara, ya kuma faɗa a ƙofar masallacin. In ya ƙi, ka tura musu bayani da hujjojinka, ban da zagi.

Gyara na gaba kuwa ka tura da kanka. Turancin da zai iya tona asiri zai iya bayanin layi uku. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ƙara basira.