Bunsurun Baba Yohanna

Asabar da dare, 24 ga Disamba, 1994

Yau ma na yanka wa maƙwabcina Baba Yohanna bunsurun Kirsimeti, kamar kowace shekara. Shi ya danne ƙafafu, ni na fuskantar da shi alƙibla.

Bana dai an samu magana. Ƙaninsa da ya zo daga Gadaka ya ce, "Yaya, gidanka, dabbarka, bikinka, amma wuƙa sai a hannun wani?"

Baba Yohanna ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "In na yanka da kaina, mu kaɗai za mu ci. Malam, yi bisimilla."

Abin nan ya tsaya mini a rai. A aji ina koya wa ɗalibai cewa a dimokuraɗiyya masu rinjaye ne ke haƙuri da marasa rinjaye. Na ɗauka mu Musulmi mu ne masu haƙurin a unguwarmu ta Dogo Nini, tunda muna jin gangar cocinsu ba ma cewa komai. To shi fa? Haƙuri yake yi, ko son zumunci ne, ko kuwa zama cikinmu ne ya sa shi dole? Ina son in tambaye shi, ban san ta inda zan fara ba.

Gobe matarsa za ta aiko mana da shinkafa da nama, mu ci hankali kwance. Tun ɗazu nake laluben abu ɗaya da na taɓa sauyawa ranar Sallah saboda su. Har yanzu ban samo ba.