Takardar da Gara Ba Ta Ci Ba

Sashen Turanci,
Kwalejin Ilimi ta Rafin Kuka, Bwari.
3 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Malam Thaddeus Kure,

Baba, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da Mama da sauran iyali. Ba ka san ni ba. Sunana Kauthar Nuraddeen, shekarata huɗu ina koyarwa a sashen da ka bari. Madam Janet sakatariyarmu ta ce cocinku ɗaya a Jikwoyi, kuma ba ka amsa waya sai takarda, shi ya sa na ba ta wannan. Ita ce kuma ta ja mini kunne kada in rubuto maka da Turanci.

An ɗora mini rubuta tarihin sashe saboda bikin cikarsa shekara arba'in a watan Yuni. Na bi hotunan shugabannin sashe da ke jere a bangon ofis. Na samo kafuwarsa a 1985 da ɗalibai goma sha tara, da buɗe ɗakin koyon furuci a 1991, har zuwa fara shirin digiri a 2012. Amma tsakanin 1994 da 1998 babu hoto, sai ƙusa kawai. Madam Janet ta ce kai ka riƙe sashe a lokacin, kuma kai ka fara Ajin Asabar.

Wannan ajin ne damuwata, don ni nake koyar da shi yanzu. Ɗalibaina talatin da ɗaya, direbobi da masinjoji da masu shara a ma'aikatun Garki, da wasu mata 'yan kasuwa. Hukumar karatu ta kwaleji ta ce kowane shiri ya kawo takardar amincewar da aka kafa shi da ita kafin 27 ga Maris, wanda bai kawo ba za a rufe shi. Na duba ɗakin ajiya, gara ta cinye rabin fayilolin wancan zamani. Ko kana da kwafin takardar a gida?

Ka huta lafiya. Taka cikin ladabi,
Kauthar Nuraddeen.

Jikwoyi,
9 ga Fabrairu.

'Yata Kauthar,

Salama a gare ki. Muna lafiya, sai gwiwa da take yi mini gardama. Na karanta takardarki sau biyu, na farkon ina neman kuskure, kin san hali zanen dutse. Ban samu ba, har na ɗan ji haushi. Janet ba ta yi ƙarya ba. Shekara talatin da uku ina cin abinci da Turanci, ranar da na yi ritaya na rataye shi tare da kwat ɗina.

Ga gyara. Ɗaliban farko ashirin ne, ɗaya ya gudu bayan sati biyu da ya ji za a karanta waƙa. Ɗakin koyon furucin nan da kike alfahari da shi, na'urorin kunne ashirin da huɗu aka kawo mana kyauta, amma ba a ja wuta zuwa ɗakin ba sai bayan shekara uku. Ɗalibai su kafa abin a kunne, ni in tsaya a gaba ina karantawa da bakina, baƙi su leƙo ta taga suna yaba ci gaba. Ki rubuta wannan. Tarihin da babu abin dariya a cikinsa, to an wanke shi da sabulu.

Ƙusar kuwa ki bar ta, za ta yi amfani wajen rataye kalanda. Batun takarda, zan duba.

Ki gai da mutanen sashe, waɗanda suka tuna da ni.
Babanki, T. Kure.

Bwari,
24 ga Fabrairu.

Baba,

Ina gaisuwa, ya gwiwa? Allah Ya ƙara sauƙi. Na yi dariya har Madam Janet ta leƙo. Amma Baba, ka amsa mini duk abin da ban tambaya ba, ka tsallake wanda na tambaya. Sati biyu ke nan ina jiran "zan duba".

Bari in ba ka labarin Abednego, direba ne a wata ma'aikata a unguwar Area 11 da ke Garki, shekararsa hamsin da biyu. Ranar Asabar ya shigo aji yana washe baki, ya ce, "Madam, takardar hutu na, ni da kaina na rubuta, ba wanda ya taimaka. Oga ya duba ya ce wa ya yi maka? Na ce makaranta na ne." Saura masa wata huɗu ya karɓi shaidarsa ta kammala aji.

Kuma abin ya wuce rufe aji. Magatakarda ya ce idan babu amincewa tun asali, sai an sake duba ingancin duk shaidar da aka bayar tun 1995. Mutum ɗari huɗu da wani abu ne, Baba, wasu da ita aka ƙara musu girma a wurin aiki. Wallahi tsoro nake ji. Don Allah ka duba.

'Yarka,
Kauthar.

Jikwoyi,
2 ga Maris.

'Yata,

Na gaishe ki. Ban duba ba, don babu abin dubawa. Takardar da kike nema ba a taɓa rubuta ta ba.

Ga yadda aka yi. A 1994 akwai wata mai shara a sashenmu, Safiyatu. Kullum sai ta makara wajen share ajina, ashe tsayawa take bayan ƙofa tana kwafe abin da ke allo kafin ta goge. Da na gane, na rubuta wa hukumar karatu ina neman izinin buɗe aji ranar Asabar domin irinta. Suka ce a jingine maganar. Na sake rubutawa, wani babba ya ce kwaleji ta horar da malamai ce, ba ta masinjoji ba. A karo na uku ko amsa ban samu ba. Ni kuwa a lokacin jinina yana tafasa, makullin aji yana aljihuna. Sai na buɗe ƙofa. Mutum bakwai suka zo.

Da suka gama, na cusa sunayensu cikin jerin masu karɓar shaida, shugaban kwaleji ya sa hannu bai karanta ba. Da asiri ya tonu a 1998 aka sauke ni daga riƙon sashe ba tare da an tabbatar da ni ba, wanda ba a tabbatar ba kuwa ba a rataye hotonsa. Amma ba wanda ya yi ƙarfin halin korar ɗaliban, don sun kai sittin. Shugabannin da suka biyo baya suka tarar da aji yana tafiya, kowa ya ɗauka da izininsa.

Na yi shekaru ina jin zafin ƙusar nan, ba zan ɓoye miki ba. Amma ban taɓa tunanin gaggawata za ta dawo kan mutum ɗari huɗu ba. Ki yafe mini.

Babanki, T. Kure.

Bwari,
10 ga Maris.

Baba,

Barka da war haka. Na karanta takardarka. Na kai wa shugaban sashe, Dakta Fu'ad, don ba zan iya riƙe maganar ni kaɗai ba. Ya ce, "Kauthar, kowa ya san gara ta shiga ɗakin ajiya. Ki rubuta cewa takardar tana cikin waɗanda ta ci. Wa zai kira gara shaida?"

Ba mugun mutum ba ne, ɗaliban yake tausayi. Ni ma ina jin kunyar faɗa maka cewa na riga na rubuta jimlar, tana cikin kwamfutata. Ina azumi, ina kallonta, na kasa gogewa kuma na kasa turawa. Idan ka ce in tura, zan tura.

'Yarka,
Kauthar.

Jikwoyi,
16 ga Maris.

'Yata,

Sannu da ƙishirwa. Goge jimlar nan. Gara ta yi ɓarnarta, amma kada ki ɗora mata laifina. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ke ce za ki zauna a cikinsa, ni na kusa gama nawa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ki nema mini izinin magana a zaman 27 ga wata.

Na ba Janet wani kwali ta kawo miki. Jarrabawar ƙarshe a ajina ita ce kowa ya rubuta wasiƙa ta gaske zuwa ga mutum na gaske, ni kuma in riƙe kwafi. Suna nan duka, da sunaye da adireshi. Ki ga wanda za ki iya samowa.

T. Kure.

Bwari,
28 ga Maris.

Baba,

Ina kwana, ya gajiyar jiya? Ka gama magana ka fice, wai kana gudun cunkoson motoci a hanyar Nyanya, ka bar ni ina jiran hukunci. To ga abin da ya faru bayanka.

Da ka ce musu "ni na buɗe ƙofa ba izini, amma shekara talatin kwaleji tana sa hannu, in ɓera da sata daddawa ma da wari", na ɗauka mun kaɗe. Magatakarda ya haɗe rai. Sai shugabar kwaleji ta tambaya su wane ne suka cika baranda. Tsofaffin ɗalibanka ne, mutum arba'in da uku na samo daga kwalin, sauran ɗalibaina ne, Abednego har da hularsa ta aiki. Aka ce mutum ɗaya ya shigo. Hajiya Safiyatu ce ta shigo, yanzu ita ce shugabar wata firamare a bayan Bwari. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta karanta wasiƙarta ta 1995, wadda ta rubuta wa hukumar nan tana roƙon a bar ta ta zauna a kan kujera a ajin da take sharewa. Ta ninke takardar ta ce, "Har yau ba ku ba ni amsa ba."

Baba, na yi kuka a gaban manyana, ban damu ba. Sun tattauna awa ɗaya. Sun amince da Ajin Asabar, sun kuma tabbatar da duk shaidar da aka bayar tun daga ta farko. Sai dai an rubuta a bayanin zama cewa ka saɓa ƙa'ida, wannan kam ban iya hanawa ba. Haka zan sa shi a tarihi, da saɓawar da dalilinta.

Dakta Fu'ad ya ce ka aiko da hotonka kafin Yuni.

'Yarka mai godiya,
Kauthar.

Jikwoyi,
30 ga Maris.

'Yata,

Barka da Sallah, a ajiye mini nama ko da na kaza ne. Na gode wa Allah, na gode miki. Saɓa ƙa'ida kuwa na saɓa, ki rubuta shi da manyan baƙi.

Ga hoto na ba Janet. Ba ni kaɗai ba ne a ciki, mu takwas ne a bakin ƙofar aji, Safiyatu ce a tsakiya, ni ne mai kwat a gefe. In bangonku ba ya ɗaukar masu shara, ki dawo mini da abina, a mayar da kalanda.

Har yanzu ƙarfe tara ake shiga aji ranar Asabar? Ki gaya wa Abednego ya zo da takardar hutunsa, ina so in nemi kuskure.

Babanki,
Thaddeus Kure.