Ƙwayoyin da ke cikin shayin babanki

Uwata,

Mun koma asibiti, ban so in tashe ki ba. Jinin nan da babanki ke gani a fitsari ba zafi ba ne. Jiya likita ya ce akwai ƙari a mafitsararsa, yana tsoron ciwon daji ne. Ya tambaye shi ƙwayar ciwon jiki nawa yake sha a rana, ya ce biyu, a shagon walda. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ke nan ina daka masa wasu biyu a shayin safe, biyu a na yamma, don na gaji da ganinsa yana riƙe baya. Bai sani ba. Likita ya ce ba zai rantse cewa ƙwayoyi ne sila ba, amma ni zuciyata ta riga ta yanke mini hukunci.

Gwangwanin ƙwayoyin yana bayan kwalbar sukari. Ki fitar da shi daga gidan nan. Yau zan faɗa wa likita a gaban babanki, ban san da wane ido zan kalle shi ba. Kullum sai ya ce ba mai haɗa shayi kamata.

Mamanki