Baƙin Man da Orval Ya Zuba

Fargo, Oktoba

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafar? Mun iso gida lafiya, yara na gaishe ki, mijina Dale ma haka. Na rubuto ne tunda in na buga waya sai ki ce ba kya ji.

Mama, maganar a-kori-kurar Baba ce. Ranar da muka matsa miki kika kai mu kanti na ji injin yana wata ƙara, kas-kas-kas, kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Dale ya buɗe gaban motar ya zaro gejin mai, abin da ya biyo gejin baƙi ƙirin ne mai danƙo, a murfin man kuma wani farin abu ya taru. Ya tambaye ni yaushe rabon a yi mata juyen mai, na ce ban sani ba. Sai na duba gilashin gaba, na ga tef ɗin nan da Baba yake mannawa yana rubuta lambar mil ɗin da za a sake mai. Har yanzu rubutun hannunsa ne, Mama, alhali shekara ta huɗu ke nan da rasuwarsa.

Kin san yadda muka yi da ke bayan an binne shi. Muddin kina iya tuƙa kanki zuwa gari, ki zauna a gona abinki, ba mai takura miki. Ran da mota ta tsaya, ki dawo wajenmu. Ke kika ce a shekarunki ba za ki koyi wata mota ba, ban musa miki ba. To kin ga zamanki a gidan nan yana wuyan wannan injin. Don Allah ki bar Baffa Arlo ya duba ta kafin ƙanƙara ta sauka.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Corinne

*

Gona, Oktoba

Corinne,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Shi ma babban likitan motocin, mijin naki, ki gaishe shi. Ƙafa da sauƙi in dai ba a dame ta da tambaya ba.

Ikon Allah! Mutumin da ko tayar keke bai taɓa sauyawa ba, shi ne zai shigo garejin ubanki Orval ya zaro geji yana yatsine fuska? Ai da ya tambaye ni. Ubanki ya fi shekara arba'in yana yi wa motocinsa juye duk mil dubu uku, da mai da filta tare, bai taɓa raba su ba. Cewa yake zuba sabon mai a bar tsohuwar filta daidai yake da a yi wanka a mai da kayan datti. Ni nake riƙe masa fitila yana kwance a ƙasa, ni nake miƙa masa sifana, don haka kada a koya mini.

Lambar da ya rubuta a tef ba ta cika ba. Je ki duba mitar da kanki in kin zo, saura kusan mil ɗari uku. In ta cika a yi. Ƙarar da kika ji kuwa tsufa ne, ni ma gwiwata tana yin irinta da safe, ba wanda ya ce a juye ni.

Alkawari kuma ina sane da shi, ba sai an riƙa karanta mini shi kamar wadda ta ci bashi ba. Na aiko muku da lefse, gurasar dankalin nan tamu, a hannun matar fasto, ku ci kafin ya bushe.

Ki gaida kowa.
Uwarki, Verna

*

Stenvik, Nuwamba

'Yata Corinne,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya same ni, kuma na je. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun ya fi sabawa da sifana.

Na isa da galan ɗin mai da sabuwar filta a cikin kwali. Tun daga baranda uwarki ta hango ni. Ta ce, "Arlo, me ka ɗauko haka kamar mai talla?" Na ce, "Mai ne, matar yaya." Ta ce, "To mai da shi inda ka ɗauko, ka zo ka sha kofi." Na sha kofi, na ci kek har yanka biyu, na lallaɓa na ce bari in ɗan leƙa gareji. Kafin in miƙe ta riga ni bakin ƙofa da sandarta. Tabɗi! Ni da na ga yadda take korar bijimi daga lambu, ai ban matsa ba.

Ga abin da ke akwai. Ƙa'idar mil dubu uku ta mai yawo ce, kamar ubanki lokacin da yake kai shanu kasuwa. Wanda tafiyarsa daga gida zuwa kanti ce, a sanyin nan namu, injin ba ya samun zafin da zai ƙone ruwan da ke taruwa a ciki. Ruwan sai ya gauraya da mai, shi ne farin abin da Dale ya gani. Irin wannan motar ba a jiran mita, sau biyu ake yi mata a shekara, in sanyi ya wuce da kuma kafin ya dawo. Na faɗa mata haka. Ta ce, "Ka gama wa'azin?" Na ce, "Haba Verna, ai kin fi ni sani, haka Orval yake yi wa tarakta." Sai ta kau da kai ta ce, "Ba mai taɓa man nan." Ta ce a bar maganar, na bar ta.

Abin da ya fi damuna ba injin ba ne. Matan coci suna ta tambayata ina Verna. Ashe tun damina rabon su gan ta a sujada, taron ɗinkin bargo ma ta daina zuwa. Maƙwabci ne yake ɗauko mata wasiƙu da burodi. Ni da nake ganinta jefi-jefi ban lura ba, kuma na ji kunyar hakan.

Allah ya bar zumunci.
Baffanki, Arlo

*

Fargo, Nuwamba

Mama,

Ina gaishe ki. Ba zan ja gaisuwar ba, don hankalina a tashe yake.

Me ya hana ki zuwa coci? Ke da ko ƙanƙara ta kai gwiwa sai kin je? Idonki ne? Jiri kike yi a kan hanya? Ko kin taɓa ɓata ne kika kasa gane gida, kike ɓoye mini? Tun da na karanta wasiƙar Baffa nake ta saƙe-saƙe, har na fara neman likitan da zai duba ki. Dale ya ce in bi a hankali, na ce shi ba uwarsa ba ce.

Na gaji da wasan ɓuyan nan, Mama. In lafiyarki ƙalau, to me ya sa mace mai hankali za ta tsaya a ƙofar gareji da sanda tana gadin ruɓaɓɓen mai? Ki gaya mini gaskiya. In ba haka ba zan zo hutun bikin Godiya na ƙarshen watan nan da mota babba, kuma ba zan koma ni kaɗai ba.

Ki yafe mini zafin maganar. Tsoro nake ji.
'Yarki, Corinne

*

Gona, Nuwamba

'Yata,

Ina amsa gaisuwarki, guntuwa ce amma na karɓa. Ki ajiye likitanki, kaina lafiya lau yake, har ya fi yadda nake so.

Tunda gaskiya kike so, ga ta. Juyen nan shi ne aiki na ƙarshe da ubanki ya yi a duniya. Ranar da za a kwantar da shi asibiti, jakarsa na bakin ƙofa, ya ce in dakata. Ya shiga ƙarƙashin motar yana nishi, ina cewa, "Orval, ka fito, za mu makara," yana cewa, "Riƙe fitilar daidai, ke dai, ba zan bar miki mota da tsohon mai ba." Ya gama, ya goge hannu, ya manna tef, muka tafi. Ni kaɗai na tuƙo ta na dawo.

Kayansa an raba a coci. Shanu an sayar. Gonar wani ke nomawa, ko gaisuwa ba ya tsayawa yi. Duk abin da hannunsa ya taɓa ya tsaya, in ban da man nan. In na murɗa makulli sai ya tashi ya zagaya, yana aikin da aka sa shi. Na san haukar tsofaffi ce. Na kuma san maganar Arlo gaskiya ce, tun kafin ya yi gemu na san ta. Amma da na ga mitar tana matsowa kusa da lambar, sai na fara rowar tafiya. Na fara da taron ɗinki, sai kanti, sai coci. Ina zaune a taga ina kallon hanya, ga mota a gareji, ga makulli a aljihu. Kin ga gidan da nake faɗa a bar ni a ciki, ni da kaina na mai da shi kurkuku.

Jiya aka aiko cewa Ardis tana asibitin Minot, jikin ya yi tsanani. Ardis fa, wadda ta riƙe ki ranar baftismarki, wadda ta kwana a gidan nan sati guda bayan Orval. Na sa kwat, na ɗauki makulli, na shiga mota. Sai na kama kaina ina lissafin zuwa da dawowa, ina cewa zai cinye abin da ya rage. Na fito na koma ɗaki. Corinne, ban taɓa jin kunyar kaina irin ta jiya ba. Da Orval zai gan ni, da ya ce, "Verna, mai ne fa, galan nawa kike so?"

Gobe da safe zan juye shi da hannuna, in kama hanyar Minot. Kada ki gaya wa Arlo, ba na son surutu.

Ki sumbaci yara.
Uwarki

*

Stenvik, Nuwamba

'Yata Corinne,

Gaisuwa mai yawa. Ki zauna kafin ki karanta, amma ki sani lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Ranar Talata na biya in ɗauki kwalin man da na bari a baranda. Tun daga waje nake jin zagi na fitowa daga gareji. Na leƙa, ƙafafu biyu kawai na gani a ƙarƙashin mota, cikin takalman ƙanƙara. Tana cewa, "Orval Tvedt, mugu, azzalumi! Sau nawa na ce maka da hannu ake ɗaure filta, a hankali? Ka ɗaure ta kamar mai gudun ɓarayi, ka tafi ka bar ni da ita!" Tana zagi tana kuka. Tun rasuwarsa ban ga hawayenta ba, ko a maƙabarta.

Na tsuguna na ce, "Matar yaya, a taimaka?" Ta ce, "Wa ya kira ka?" Can kuma ta ce, "Miƙo babbar sukudireba." Ita ta riƙe, ni na buga guduma har ta huda filtar, muka murɗa tare ta saki. Man kuwa da ƙyar ya fito, guda-guda yake faɗowa cikin kwano. Ta tsaya tana kallonsa har ya ƙare. Muka ɗora sabuwar filta, ta ce ita za ta ɗaure, sannan muka zuba sabon mai.

Mota ta tashi, amma ƙarar tana nan, har ta fi da. Na ce ta zo in kai ta Minot a tawa. Ta ce ƙawarta ce, da ƙafarta za ta je. Na bi ta a baya ba da saninta ba. Mun wuce rumbunan hatsi kaɗan sai na ga hayaƙi, na ji ƙara ɗaya mai ƙarfi, motar ta gangara gefen titi ta tsaya. Injin ya buga, Corinne. Dattin shekarun nan ya riga ya toshe hanyoyin mai, ƙarfe ya ci ƙarfe, sabon mai bai tarar da abin ceto ba. Ba gyara.

Na ɗauke ta muka ƙarasa. Mun samu Ardis da rai, amma ba ta gane kowa. Nas ta ce da shekaranjiya muka zo da sun yi hira, don har tambaya take ko Verna ta iso. Uwarki ta zauna ta riƙe hannunta har yamma. Daga nan na mai da ita gida.

Na jawo motar na mai da ita gareji. Sauran maganar tsakaninku ce, amma ki tausasa.

Allah ya ba mu haƙuri.
Baffanki, Arlo

*

Gona, Nuwamba

Corinne,

Ina gaishe ku duka. An binne Ardis jiya, Arlo ne ya kai ni.

Mota ta tsaya. Ba sai kin zo da faɗa ba, ba zan yi gardama ba.

Ki zo ranar Asabar, ke kaɗai, ki zo da wuri. Na buɗe akwati tun safe na ajiye a kan gado, har yanzu ba komai a ciki. Ban san me ake ɗauka ba in za a bar gida. Ki zo ki nuna mini.

Uwarki, Verna