Hatimina da Karen Gonda

Kawasaki,
12 ga Nuwamba.

Zuwa ga ƙanwata Sumie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Genzo da duk mutanen gida. Kowace safiya idan na kunna turare a gaban hoton Baba da Inna ina ambaton sunanki, ina roƙa miki sauƙin ciwon gwiwa kafin dusar ƙanƙara ta rufe muku Aomori. Kwalin tuffa ya iso, na gode, sai dai haƙorana sun daina iyawa, dafawa nake yi ta yi laushi. Ƙugun nawa yana warkewa a hankali, ina takawa da sanda. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya fara rawa. Sau biyu ina ɗaukar waya in kira ki ina ajiyewa, domin maganar ta ɗanki Norihiko ce, kuma na san idan na ji muryarki lafiya lau kawai zan ce.

Kin san tun rasuwar matata Kiyo ba abin da ke fitar da ni daga gida sai mutanen bakin kogi, masu kwana a rumfunan shuɗin tamfol ƙarƙashin gada. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sauka wurinsu Talata da Juma'a da buhun abincin karnuka da kyanwoyi, da maganin ƙuma da na tsutsar ciki. Likita suke ce mini, alhali sun san iyakar aikina a da shi ne riƙe wa likitan dabbobi saniya. A cikinsu akwai Gonda, tsohon mai ɗaura ƙarafan gini, wanda yanzu yake tsintar gwangwani. Yana da jan kare mai karyayyen kunne, Tetsu, wanda ya tsamo daga ruwa tun yana kwikwiyo. Sau uku hukuma tana ba shi ɗaki yana ƙi, saboda ba a shiga da kare. Yakan ce rumfar ai ta Tetsu ce, shi ɗan haya ne, kuma maigidan ya fi shi minshari.

Kare ba ya samun lambar wuya sai an yi masa rajista da adireshi, su kuwa ba su da adireshi. Don haka na rubuta karnukansu da sunana da lambar gidana, na buga hatimina a madadin sa hannu, domin a riƙa yi musu allurar shekara kamar na kowa. A takarda ni ne mai karnuka biyar. A bakin kogi ba wanda bai san na wane da wane ba ne, kuma ba wanda ya taɓa tambayata wata shaida.

A watan Satumba fasasshiyar kwalba ta yanke Tetsu a tafin ƙafa, aka yi masa ɗinki, likita ya ce kada ya taka laka har kwana goma. Gonda ya turo shi gidana a cikin amalankensa, ya yi ta ja mini kunne cewa kada in koya masa kwanan katifa ya dawo yana raina shi. Kwana huɗu bayan haka na zame a banɗaki na karya ƙugu. Daga gadon asibiti na kira Norihiko, don shi kaɗai nake da shi a nan. Na ba shi makullin gida, na ba shi hatimina saboda takardun asibiti, na roƙe shi ya ciyar da karen, idan an cire zare ya mayar wa mai shi. Mako shida ina kwance. Duk zuwan da zai yi sai in tambaya, sai ya ce Kawu kwantar da hankalinka, kare yana ci yana sha.

Da aka sallame ni ban ga Tetsu a gida ba, sai na ɗauka ya koma. Washegari na sayi busasshen kifi na lallaba na sauka matakalar bakin kogi, taki ɗaya hutu ɗaya. Gonda ya miƙe da ya hango ni, amma ba ni yake kallo ba, bayana yake leƙawa. Sumie, a nan na gane. Ashe kullum yana zuwa ƙofata, har ranar da ya yi kiciɓis da Norihiko, shi kuma Norihiko ya gaya masa wai ni na ba da karen ga wasu. Tsohuwa Otake, wadda shekara da shekaru nake ɗiga wa kyanwoyinta maganin ido, ta tattara su cikin rumfa ta ja tamfol, tana cewa kowa ya ɓoye nasa, ga mai rajista ya zo zaɓen na gaba. Ba wanda ya karɓi abin da na kawo. Na je ofishin gunduma, ma'aikaciyar ta nuna mini takardar sauya mai karen, ga jan tambarin hatimina a ƙasa ya fito raɗau. Ta ce ba ta da ikon faɗa mini wanda ya karɓa.

Na kira Norihiko ya zo. Ko sunkuyar da kai bai yi ba. Ya ce wata ƙungiya mai nema wa karnuka gida ya ba, wai yanzu Tetsu yana kwana a ɗaki mai ɗumi, wai mutumin da ya kasa sama wa kansa rufi ina shi ina riƙon kare. Ya ce shekaruna tamanin da ɗaya, in bar wasa da 'yan ƙarƙashin gada kafin a tsinci gawata a matakala, kuma nan gaba zan gode masa. Na tambayi sunan ƙungiyar ya ƙi faɗa. Yaron nan shekara huɗu ya yi a gidana yana karatu, Kiyo tana tashi da asuba tana ɗaura masa abincin rana. Da ya ce mini ba zai iya wahalar kare ba, da na nemi wani. Amma ya ɗauki hatimin da na damƙa masa ina kwance, ya buga sunana a kan abin da ba nawa ba, sannan ya zauna a gefen gadona yana ɓare mini lemo.

A cikin faɗan ya suɓuce masa cewa gwajin wata ɗaya aka ba mutanen da suka ɗauki Tetsu, kuma ƙarshen watan nan wa'adin zai cika. Kafin ranar, idan na je wurin ƙungiyar da kaina na ce ba da izinina aka buga hatimin ba, ina jin za a saurare ni. Bayan ranar kuwa, shi ke nan. Gonda ya daina fita tsintar gwangwani. Jiya na sake sauka, bai zage ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Cewa ya yi, Likita, ƙafarka ba ta da lafiya, kada ka ƙara wahalar da kanka da matakalar nan sai idan da kare a hannunka.

Ba ina so ki yi wa ɗanki faɗa ba ne. Sunan ƙungiyar kawai nake nema, ke kuwa bai taɓa iya ɓoye miki abu ba. Idan kin samu, kada ki tsaya rubutu, ki bugo mini waya.

Ki gaishe mini da Genzo, ki ce ya bar hawa tsani a gonar, akwai matasa. Ki gaishe da 'yarki Chizuru da mijinta, da jikoki Kaho da Riku. Shi kuwa Norihiko, tasha uku ce tsakaninmu a jirgin ƙasa, amma ta Aomori zan aika masa saƙo: ki gaya masa saura kwana goma sha takwas.

Ni ne yayanki,
Kuwabara Tokuji